Da Hannuna Na Cire Sunan Mukhtar

Sallama gare ku, masu bina a wannan shafi. Wata ta rubuto min cewa in daina zagaye-zagaye, in faɗa mata ko an kawo goron ko ba a kawo ba. Ki yi haƙuri 'yar'uwa, za mu kai can, amma sai na bi da ku ta ofis tukuna, don a can abin ya kwaɓe.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Zulaiha. A unguwar New Bell aka haife ni, a nan Duwala, a nan aka haifi babana ma. Baba, Alhaji Mudi, atamfa yake sayarwa a babbar kasuwa, Marché Central. Ni kuma shari'a na karanta, ina aiki a sashen shari'a na wani kamfani mai shigo da kifin ƙanƙara da shinkafa ta jirgin ruwa. Ba na zuwa kotu, ba na sa baƙar riga. Har yau Inna kan ce, "To in ba kya zuwa gaban alƙali, me kike yi tun safe?" Kwantiragi nake karantawa, Inna. Na masu jirgi, na masu ɗakin sanyi, na direbobin da ke kai kaya arewa.

Mu uku ne a sashen: shugabarmu Madame Ebongue, sai Monsieur Tchinda, sai ni. Manyan rigingimu ba ma iya su mu kaɗai, sai mu miƙa wa ofisoshin lauyoyi na waje. Mafi girma cikinsu yana unguwar Bonanjo, mu dai cabinet muke ce masa. Mai shi babban lauya ne, Maître Ahmadu, dattijo mai siririn tabarau wanda in ya shigo taro har darakta kan miƙe tsaye. A ƙarƙashinsa Mukhtar yake aiki.

Lokacin da na fara aiki, a leda muke naɗe takardu saboda ruwan sama, mu ba ɗan bensikin, wato ɗan acaɓa, ya kai Bonanjo. Ko kuma mu yi ta aika wa juna kwantiragi ɗaya ta imel, wannan sunansa "na ƙarshe", wancan "na ƙarshen ƙarshe", har a rasa wanda darakta ya sa wa hannu. Sai kamfani ya sayi dandali. Wuri ne a kwamfuta da mu da lauyoyin waje muke shiga tare, kowa da kalmar sirrinsa. In na ɗora kwantiragi, suna gani nan take. Wanda ya buɗe, wanda ya canza kalma, wanda ya bar aiki ya kwana, duk yana nunawa. Akwai kuma manhaja a ciki da ke karanta kwantiragin kafin mu, ta shafa ja a inda take ganin haɗari. Ni aka tura koyonsa, don haka ni ke buɗe wa mutum ƙofa in rufe.

A gefen kwantiragi na san Mukhtar, tun ban ga fuskarsa ba. Manhaja ta shafa ja a wani sharaɗi na masu jirgi, na tsorata, na tura wa cabinet da gaggawa. Ya rubuta a gefe da Faransanci: "Na'urarku ta firgita a banza, haka ake rubuta shi a tashar nan. Amma ki duba sakin layi na ƙasa, wanda ta bari fari. Can macijin yake." Na duba, gaskiyarsa. Da mun sa hannu, duk kifin da ya lalace a teku a wuyanmu zai rataya. Daga nan na fara lura da sunansa. Ran nan ya ƙare gyara, sai ya ƙara da Hausa: "Sannu da aiki, Malama." Na kira lambar ofishinsu.

"Malam, dandalin nan ba WhatsApp ba ne. Madame tana ganin komai."

"To ki ba ni lambar da Madame ba ta gani."

Sauran kun sani, ko kun iya cikawa. Ɗan Ngaoundéré ne, mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami. Ya zo gida ya gaida Baba, aka yi bincike, aka tsayar da Asabar ɗin da ta wuce manyansa su kawo goron tambaya. A ofis kuwa ba wanda ya sani. Ba ɓoyewa na yi ba, ban dai faɗa ba.

Ranar Litinin Madame ta kira ni ofishinta. Ta ce in ja ƙofa.

"Zulaiha, darakta ya yanke shawara. Tunda manhajar nan ta zo, ƙananan kwantiragi mu muke yi da kanmu. Ba ma buƙatar ofisoshi uku. Ɗaya za mu riƙe, mu ba shi komai."

"Wanne, Madame?"

"Ke za ki faɗa mana. Ki shiga dandali ki zaro min aikin kowa. Wa ke amsawa da wuri, wa ke kama abin da na'ura ta tsallake, wa ke maido mana da aikin da sai mun sake gyarawa. Na aika musu sanarwa dukkansu." Ta leƙo ni ta saman tabarau. "Ina neman mataimakiya. Kin gane ko sai na fassara?"

Na ce na gane. Na yi godiya har da murmushi. Jama'a, sai da na zauna a kujerata na gane abin da na amsa. Mutumin da zan aura, ni ce zan ba ofishinsu maki.

Da na koma gida na tarar tsakar gidanmu ya zama kanti. Goggo Zainabu, yayar Baba, ta tsallako gada daga unguwar Grand Hangar da buhun albasa da kaji masu rai, ta ce ta zo ke nan sai an gama. An fito da manyan tukwane, an shanya sabon labule a igiya. Inna ta baje atamfa biyu a tabarma, wata ruwan goro mai zanen ganye, wata shuɗiya, tana jiran in zaɓa. Na zauna kusa da ita na faɗa mata ƙasa-ƙasa. Na manta kunnen Goggo.

"Sai me?" in ji Goggo. "Ki ba su makin mana. Mijinki ne."

"Goggo, dokar kamfani ce. In kana da alaƙa da wanda ake aiki da shi, dole ka faɗa."

"Dokar kamfani ta aure ki? Sa'o'inki suna da 'ya'ya a makaranta. Duk wanda ya zo sai ki ce karatu, aka gama karatu kika ce aiki. Yanzu Allah ya kawo wanda kika ce kina so da bakinki, za ki kawo mana doka."

Inna ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa yi ba. Ta ci gaba da ninke atamfa. "Ki yi shiru har a ɗaura, Zulaiha. Ba ƙarya kika yi ba. Shiru kawai."

Na ce shuɗiyar nake so. Na tashi na shige ɗaki.

Talata na wuni ina zaro lissafin aiki daga dandali. Na'ura ba ta san kunya ba, komai ta ajiye. Na ga inda kowane ofishi ya tsaya. Kada ku tambaye ni, ku ma ba zan faɗa muku ba.

Laraba da rana saƙo ya shigo wayata.

"Zan biyo bayan la'asar. Akwai magana."

"Lafiya?"

"Lafiya. Sai na zo."

Ya zo da kwat ɗinsa ta ofis, ya cire lakatai daga wuya ya cusa a aljihu. Muka zauna a bencin ƙofar gida, inda muka saba, mai soya, wato tsire, na ƙetaren titi yana hura gawayi. Na kawo masa folere mai sanyi, zoɓon garin nan. Bai sha ba, ya yi ta juya kofin a hannu.

"Sanarwar Madame ta iso," ya ce. "Maître ya san ke ce za ki rubuta rahoton."

"Ya san maganarmu?"

"Ya sani."

"To."

"Zulaiha, ba cewa na yi ki canza komai ba. Wallahi ba zan ce miki haka ba. Kawai ki faɗa min inda muke da rauni, mu gyara kafin ranar."

"Sauran biyun wa zai faɗa musu nasu raunin?"

Ya kau da kai ya dubi titi. Wani ɗan bensikin ya wuce ya fallatsa mana ruwan kwata, ya janye ƙafarsa.

"Kin san rabin aikina na kamfaninku ne. Dā mu shida ne ke duba kwantiragi a cabinet, yanzu manhaja ta cinye aikin, saura mu biyu. In kuka tafi, ba manya za a sallama ba. In kawo ki gidana in zauna ina kallon ki?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi min zafi. Na san ɗakin da ya kama mana a unguwar Akwa, na san ya riga ya sa an yi fenti.

"Maître ne ya aiko ka?"

"Ya tambaye ni ko na san wani abu. Na ce zan tambaya."

"To ka tambaya. Ka ce masa ban faɗa ba. Kuma gobe zan sanar da Madame maganarmu."

Ya ɗago. "Kafin Asabar?"

"Da na faɗa tun Litinin, da ba ka zo da wannan tambayar ba."

"Kin san abin da za ta yi?"

"Na yi zato."

Ya ajiye kofin a benci, ya miƙe. "Ki gaida su Inna." Ya tafi bai waiwayo ba. Goggo, wadda na tabbata tana bayan ƙyaure tun farko, ta fito ta ɗauki foleren ta shanye.

Alhamis na sa baƙar abaya da farin mayafi, kamar mai zuwa ta'aziyya. Ban ko ajiye jaka ba na ƙwanƙwasa ƙofar Madame. Na faɗa mata a tsaye, a taƙaice. Ta saurara tana juya biro.

"Félicitations," ta ce, tana taya ni murna. "Yaushe bikin?"

"Ba a sa rana ba. Jibi za su kawo goro."

"Ya tambaye ki wani abu kan rahoton?"

"Ya tambaya, Madame. Ban ba shi ba."

Ta ajiye biron. "Da kin bari na ji daga bakin ɗaya daga cikin ofisoshin da suka faɗi, da yau ke da ni duk muna neman aiki. Kin yi daidai. Amma kin makara, tun ranar da ya zo gidanku ya kamata in sani." Ta jawo kwamfutarta. "Tchinda zai karɓi rahoton, ya fara daga farko, ba zai taɓa abin da kika zaro ba. Zan rubuta wa Maître Ahmadu cewa yaronsa ba zai ƙara taɓa aikinmu ba, ko sun ci ko sun faɗi."

"Madame, rabin aikinsa..."

"Wannan matsalar Maître ce. Ba zan zauna da matar tana ba da aiki, mijin yana karɓa ba."

"Maganar mataimakiya fa?" Ban san lokacin da ta fito min ba.

"On verra, za mu gani. Ba wannan shekarar ba dai." Ta koma kan allonta. "Ki je ki rufe masa ƙofa. Yanzu."

"Ni?"

"Wa ke riƙe da dandalin?"

Na koma teburina. Na buɗe jerin mutanen cabinet. Ga Maître a sama, ga sauran, ga Mukhtar da ɗan hotonsa, wanda ya sa hula zanna a kan kwat, wanda na sha yi masa dariya a kai. Koren ɗigo yana gefen sunansa, ma'ana a lokacin yana ciki, yana aiki. Na duba, kwantiragin ɗakin sanyi na Youpwé yake gyara mana. Ina ganin kalmominsa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Na jira ya kai aya. Sannan na danna. Na'ura ta tambaye ni ko na tabbata. Na sake dannawa. Ɗigon ya mutu, sunan ya koma toka-toka.

Ban yi kuka ba, kada ku zata. Na tashi na haɗa wa kaina shayi, na manta ban sa sukari ba, na shanye haka.

Wayata ta yi ƙara.

"Dandali ya kore ni. Matsalar na'ura ce?"

"A'a. Ni ce."

Ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta ɓace. Ba abin da ya shigo.

A gida na faɗa musu gaba ɗaya, don in huta. Goggo ta ɗora hannu a ka. "Kin kori mijinki daga aiki ana jibi goro! Bilkisu, wace irin 'ya kika haifa?" ta faɗa tana duban Inna. Inna ta ce, "Na roƙe ki shiru kawai," ta juya ta ci gaba da tsince shinkafa. Wannan ya fi ihun Goggo ciwo.

Baba yana kan buzunsa a baranda, ya dawo daga kasuwa yana cire agogo. Ban zaci yana ji ba.

"Zo nan, Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Na durƙusa. "Su mutanen da ke ba ki albashi, sun yarda da ke?"

"Sun yarda, Baba."

"To da kin tambaye ni, abin da kika yi shi zan ce ki yi. Amma kada ki zaci kyauta ne. Ki bari mu ga ko za su zo."

Juma'a ta wuce ba kira, ba saƙo. Na rubuta masa "Barka da Juma'a", ya amsa da "Amin, tare da ke." Shi ke nan. Goggo ta ce a daina yanka kaji tukuna. Inna ta ce a yanka, ko ba su zo ba 'yan unguwa za su ci.

Asabar aka tashi da ruwa, irin na Duwala da ba ya tambayar kowa. Lungunmu ya zama rafi. Duk da haka aka yi waina, aka yi shinkafa da miyar kaji, aka soya makala, wato fanke, Goggo ta haɗa ndole, miyar shuwaka ta mutanen Duwala, wai don kada baƙi su ce ba mu san garin da muke ba. Tela ya kawo shuɗiyar atamfar, riga da zane, hannun ya ɗan matse ni. Inna ta ɗaura min kallabi da kanta, ta fito da sarƙarta ta zinariya ta sa min. An shimfiɗa sabuwar darduma a falon Baba, abokansa biyu na kasuwa sun zo sun zauna.

Aka yi la'asar, shiru. Maƙwabta suka fara leƙowa da sunan aron wuƙa. Goggo tana zagaya tsakar gida tana ƙwafa. Ni ina bakin gado, waya a cinya, na kife ta.

Ta yi ƙara. Na juya.

"Suna hanya. Na yi fushi, amma ba da ke ba. Akwai abin da ban faɗa miki ba tun farko, don a ofis ba a san shi ba. Ki yafe min."

Na rubuta, "Mene ne?" Bai buɗe ba.

Mota ba ta iya shiga lungunmu in an yi ruwa, a bakin titi suka ajiye. Na ɗaga gefen labule. Maza uku, ɗaya ya rungumo ƙunshin goro a ganye. Na gaban yana sanye da farar babbar riga, ya tattare ta da hannu biyu yana tsallake taɓo a kan duwatsun da aka jera. Da ya ɗago kai ya gyara tabarau, sai na saki labulen.

Maître Ahmadu ne.

Goggo ta je ta kai ruwa, ta dawo da labari a baki. "Baffansa ne, ƙanin mahaifinsa uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe shi tun rasuwar uban. Ke ba ki sani ba?" Ta kalli fuskata. "Innalillahi. Shi ne mai ofishin?"

Na gyaɗa kai. Mutumin da wasiƙar Madame ta iske a teburinsa ranar Alhamis, yau shi ne a falon babana.

Ba a daɗe ba Baba ya ɗaga labulen ɗakinmu, abin da bai saba yi ba.

"Uwata, sa mayafinki. Baƙon ya ce kafin a kwance goro yana son ya yi miki tambaya ɗaya, a gabana."

Inna ta miƙe. "Alhaji, ina aka taɓa haka? Yarinya a gaban manya ranar tambaya?"

"Na ce masa ya yi. Taho."

Na bi bayansa, ƙafata ba takalmi. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe su, kaina a ƙasa. Ƙunshin goron yana tsakiyar darduma, a ɗaure, hannun Maître a kansa. Ban taɓa jin Hausa a bakinsa ba sai ranar, da karin Fulatanci a ciki.

"'Yata, an ce ke kika rufe wa ɗana ƙofa da hannunki."

"Ni ce, Baffa." Na ɗan yi jinkiri kafin in zaɓi sunan.

"Yau kwana biyu yana zaune ba aiki a gabansa. Ni kuma ban san ko kamfaninku zai riƙe ni ba." Ya yi magana a hankali, kamar yadda yake yi a taro. "In aka mayar da ke ranar Alhamis, kin san ni ne zan zauna a nan yau, za ki sake dannawa?"

Ruwa yana ɗiga daga kwanon rufi. Ina jin numfashin Goggo a bayan ƙyaure. Na saci kallon Baba, yana jan carbinsa, bai dube ni ba.

"Zan sake, Baffa."

Maître Ahmadu ya zare tabaransa, ya ninke, ya ajiye a gefen gwiwa. Ya juya ya dubi Baba. Hannunsa ɗaya yana kan goron har lokacin, bai kwance igiyar ba, bai kuma janye ba.

"Alhaji," ya ce, "a sallami yarinyar ta shiga ciki. Ni da kai muna da magana."